Matatun NNPC huɗu: a sake gyarawa, a sayar, ko a nemo abokin tarayya?

Najeriya na da matatun mai huɗu mallakin gwamnati, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna. A rubuce, su huɗun za su iya tace gangar ɗanyen mai 445,000 a kowace rana. Amma shekarar 2025 ta ƙare babu ko ɗaya da ke aiki. Tsohuwar matatar Fatakwal da aka yi bikin tayar da ita a ƙarshen Nuwamban 2024, an sake kashe ta a watan Mayun 2025. Ta Warri da aka tayar ranar 30 ga Disamban 2024 ba ta cika wata guda tana aiki ba. Ta Kaduna kuwa ta daɗe da yin shiru. Lokacin da NNPC ya fara fitar da binciken asusunsa ga jama'a a 2020, an ga cewa a 2018 matatar Kaduna ba ta shigo da ko sisi ba, alhali ta ci sama da naira biliyan 60.

Shugaban kamfanin mai na ƙasa NNPC, Bayo Ojulari, wanda ya gaji Mele Kyari a Afrilun 2025, ya fito ya ce ana sake duba makomar matatun, kuma har sayarwa ba a cire daga lissafi ba. Daga baya kamfanin ya karkata ga neman abokan tarayya masu ƙwarewa. Ke nan zaɓi yana gabanmu, kuma ba na gwamnati kaɗai ba ne. 'Yan majalisa za su yi muhawara a kai, ƙungiyoyin ƙwadago za su ja daga, dillalan mai da masu masana'antu za su ji a jikinsu, mu kuma da muke sayen lita a Kano ko Maiduguri da tsadar da ta fi ta Legas mu ne za mu biya kuɗin duk kuskuren da aka yi. Hanyoyi uku ake ta magana a kai: gwamnati ta ci gaba da gyarawa da kuɗinta, ta sayar baki ɗaya, ko ta ɗauko wanda zai zuba jarinsa ya riƙe ragama. Akwai ta huɗu da ba a son faɗa a fili, ita ma zan taɓo ta.

Kafin nan, a daina ɗaukar matatun nan kamar abu ɗaya. Aikin farko na matata shi ne dafa ɗanyen mai a doguwar hasumiya, kowane iri ya fita a matakinsa: iskar girki can sama, sai nafta, sai kalanzir, sai man gas, baƙin mai ya kwanta a ƙasa. Wannan mataki kaɗai ba ya ba da fetur mai yawa. Riba tana ga sashe na biyu, wanda ke farfasa mai mai nauyi ya mayar da shi fetur. Tsohuwar Fatakwal, wadda aka gina a 1965 kuma take ɗaukar ganga 60,000, ba ta da wannan sashe. Sabuwar Fatakwal ta 1989 mai ganga 150,000 tana da shi, haka Warri ta 1978 mai ganga 125,000, haka Kaduna ta 1980 mai ganga 110,000. Ukun da ke kudu suna kusa da rijiyoyin mai da bakin teku. Kaduna kuwa sai an turo mata ɗanyen mai ta bututu daga yankin Warri, tafiyar sama da kilomita 600. Duk maganin da za a rubuta wa huɗun a takarda ɗaya, zai yi wa wata daidai ya cuci wata.

Hanya ta farko: gwamnati ta ci gaba da gyara

Masu wannan ra'ayi ba sakarkaru ba ne, kuma hujjarsu na da nauyi. Suna cewa da dukiyar ƙasa aka gina matatun, an kuma sake zuba maƙudan kuɗi wajen gyara, to don me za a sayar a lokacin da farashinsu ya fi kowane lokaci faɗuwa? Suna cewa ƙasar da ba ta da matatarta ba ta da bakin magana a kan farashin fetur. Suna kuma tuna dubban ma'aikata da garuruwan da suka rayu a gefen matatun.

Sai dai wannan ita ce hanyar da aka fi gwadawa, kuma sakamakonta a bayyane yake. A Maris na 2021 majalisar zartarwa ta amince da dala biliyan 1.5 domin gyaran Fatakwal, aka ba kamfanin Tecnimont na Italiya. A Agustan wannan shekara aka sake amincewa da kusan dala biliyan 1.5 domin Warri da Kaduna. Daga baya aka shigo da Daewoo na Koriya ta Kudu da kwangilar gyaran gaggawa, ta Kaduna kaɗai ta haura dala miliyan 700. An sha sa ranar fara aiki ana ɗagawa. Da aka zo aka tayar da Fatakwal, tsohuwar ce aka tayar, ƙaramar da ba ta da sashen farfasa mai, kuma NNPC da kansa ya bayyana cewa sai an haɗa naftar da take fitarwa da wani sinadari da ake sayowa daga kamfanin Indorama na Eleme kafin ta zama fetur. Haɗa mai ba laifi ba ne, duk matatun duniya suna yi. Abin lura shi ne wancan kamfani na Eleme, da ma na gwamnati ne aka sayar. Zan dawo kansa.

Me ya sa gyaran ba ya ɗorewa? A ganina ba don injiniyoyinmu ba su iya ba ne. 'Yan Najeriya ne ke tafiyar da yawancin aikin yau da kullum a masana'antun mai da gas masu zaman kansu a ƙasar nan, wasunsu ma a NNPC suka koyi aikin. Matsalar tana ga tsarin. Matata inji ne da ke aiki dare da rana cikin zafi da matsi, dole a tsayar da ita duk bayan 'yan shekaru a yi mata garambawul, dole a sayi ƙananan kayan gyara a ranar da aka buƙace su. A kamfanin ɗan kasuwa, manaja ya san duk ranar da matata ta tsaya miliyoyin daloli ne suka tafi, kuma shi za a tambaya. A tsarin gwamnati, albashi na zuwa ko an tace ko ba a tace ba, takardar neman kuɗin gyara kuma sai ta zaga ofis-ofis har ta kai Abuja. Ƙaramin gyaran da zai hana lalacewa ba ya samun mai tsaya masa, babbar kwangila ta biliyoyi ita ke da masu so. Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a matatun gwamnati wani ke ɗebowa, bakin talaka ke ƙonewa.

Sannan ƙasar da ake gyaran a cikinta ta canza. Kafin 2023 hujjar ita ce a gyara domin a daina shigo da mai daga waje. Yanzu an cire tallafi tun ranar 29 ga Mayun 2023, matatar Dangote da ke Lekki mai ganga 650,000 ta fara fitar da man gas da man jirgi a farkon 2024, ta fara fetur a Satumban wannan shekara. Duk matatar da aka gyara yau, da wannan sabuwa za ta yi gogayya a kasuwa, wadda ta fi su huɗun girma a haɗe, take kashe ƙasa da su a kan kowace ganga, take kuma fitar da mai mai ƙarancin farar wuta. Ƙasashen ECOWAS sun amince tun 2020 cewa farar wutar da ke cikin fetur da man gas kada ta wuce kashi 50 cikin miliyan. Tsofaffin matatunmu ba da wannan ma'auni aka gina su ba, cika shi na buƙatar sababbin sassa, ba gyaran tsofaffi kaɗai ba. Ke nan ko an mayar da su yadda suke ranar da aka buɗe su, ba a gama ba.

Hanya ta biyu: a sayar

An taɓa yi. A ƙarshen mulkin Obasanjo, a 2007, an sayar da kashi 51 na matatun Fatakwal da Kaduna ga wata gamayya mai suna Bluestar, wadda Alhaji Aliko Dangote da Femi Otedola ke ciki, a kan sama da dala miliyan 700. Ƙungiyoyin ƙwadago suka tayar da jijiyar wuya, mutane da dama suka ce an yi cinikin cikin gaggawa kuma an karya farashi. A farkon mulkin marigayi Umaru Musa 'Yar'adua cinikin ya warware, aka mayar da kuɗin, NNPC ya ce zai iya gyarawa da kansa. Zargin gaggawar ba ƙarya ba ne, kwanaki kaɗan suka rage gwamnati ta sauka. Amma a auna abin da aka kashe daga 2007 zuwa yau da abin da aka samu, sannan a yanke hukunci.

Babbar hujjar masu son a sayar ita ce Eleme. NNPC ya gina masana'antar sinadaran mai ta Eleme a jihar Ribas a shekarun 1990 domin ta riƙa yin ƙwayar roba, wadda ake narkawa a yi leda, bokiti, buta, tabarmar roba da buhunan shinkafa da na taki. A hannun gwamnati ta riƙa tafiyar hawainiya, bashi ya yi mata katutu. A 2006 aka sayar da kaso mafi tsoka ga kamfanin Indorama a kan dala miliyan 225, aka bar wa NNPC da gwamnatin Ribas da al'ummomin yankin da ma'aikata nasu kason. Cikin ɗan lokaci masana'antar ta dawo aiki, ta fara raba riba. A 2016 kamfanin ya buɗe sabuwar masana'antar takin yuriya mai tan miliyan 1.4 a shekara a wurin, ya ƙara ta biyu a 2021. Mai masana'antar roba a Sharaɗa ko Challawa, da manomin masara a Saminaka, duk suna taɓa abin da ya fito daga Eleme ko da ba su san sunan garin ba. Ƙasa ɗaya ce, ma'aikata 'yan ƙasa ɗaya, irin injinan ma kusan ɗaya ne da na matatun. Abin da ya canza shi ne wanda zai yi asara idan injin ya tsaya.

To amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutanen Arewa ba su manta da sayar da kamfanonin rarraba wutar lantarki a 2013 ba. Da yawan masu sayen bashi suka ci a banki suka biya kuɗin saye, ba su da abin da za su zuba a taransifoma da waya, har a 2022 bankuna suka karɓe ragamar wasu, ciki har da na Kano da na Kaduna. Ga masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, da aka ba wani kamfanin waje, aka ƙwace, aka yi shekaru ana shari'a, a ƙarshe a 2022 gwamnati ta amince ta biya dala miliyan 496 domin a rabu. Ga masana'antar alminiyam ta Ikot Abasi da rikicin wane ne halastaccen mai saye ya riƙe ta shekara da shekaru. Bambancin Eleme da waɗannan a fili yake: Indorama sana'arsa ke nan tun kafin ya zo Najeriya, kuma ya zo da kuɗin aiki bayan kuɗin saye. Sayarwa ba ta da albarka a kan kanta, albarkar tana ga wanda aka sayar wa.

Akwai kuma maganar farashi, wadda za ta yi wa mutane ɗaci. Tsohuwar matata ba ta da daraja a kasuwar duniya yanzu. A Afirka ta Kudu, matatar Sapref da ke Durban mai ganga 180,000, mallakin BP da Shell, ta tsaya a 2022, a 2024 aka miƙa ta ga wani kamfanin gwamnatin ƙasar a kan rand ɗaya. Matatar Samir ta Maroko ta tsaya tun 2015, an yi shekaru ana neman mai saye. Duk wanda ke zaton za a mayar da biliyoyin da aka kashe a Fatakwal ta hanyar sayarwa, ya sake lissafi. Mai saye ba ya duba abin da ka kashe, abin da zai samu yake dubawa. Idan aka tafi wannan hanya dole a gaya wa jama'a tun farko cewa kuɗin ba zai yi yawa ba, in ba haka ba ranar da aka faɗi farashi za a maimaita 2007.

Sai tambayar da ta fi damuna: wa zai saya? Ina cikin masu jinjina wa Dangote. Mutumin da ya zuba kusan dala biliyan 20 a abin da gwamnati ta kasa shekara da shekaru ya cancanci a yaba masa. Amma ba zan so a sayar masa da ko ɗaya daga cikin huɗun ba, shi ko wani da ke da alaƙa da shi. Amfanin da ya rage wa waɗannan matatu a yau shi ne su zama na biyu a kasuwa. Matatar Lekki layi ɗaya ce, in babban sashenta ya tsaya domin gyara, kamar yadda aka samu a 2025, ƙasa ta koma dogaro da jiragen ruwa. Rikicinta da ƙungiyoyin ma'aikatan mai, NUPENG da PENGASSAN, a Satumban 2025 ya nuna yadda saɓani a harabar kamfani ɗaya zai iya girgiza ƙasa baki ɗaya. Kuma kamfanin ya sanar da shirin faɗaɗa ta zuwa ganga miliyan 1.4. Mai gidan mai a Gusau yana buƙatar wuri na biyu da zai je ya tambayi farashi.

Hanya ta uku: abokin tarayya mai riƙe da ragama

Wannan ita ce tsakiya, kuma misalinta na gida shi ne kamfanin gas na NLNG da ke Bonny. NNPC na da kashi 49, Shell na da 25.6, Total 15, Eni 10.4. Gwamnati ce mai kaso mafi girma a ɗaiɗaiku, amma ba ta da rinjaye, don haka minista ba zai ɗaga waya ya hana gyara ko ya cusa ɗan kwangila ba. Tun da ya fara fitar da gas a 1999 kamfanin ke aiki yana biyan gwamnati riba da haraji, ya gina layukan sarrafa gas shida, yana kan na bakwai. Duk sirrin yana cikin wancan kashi biyun da ya raba 49 da 51.

Misali na biyu yana maƙwabta, kuma Hausawa sun fi kowa saninsa. Matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram an buɗe ta a Nuwamban 2011, tana tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na ƙasar Sin na da kashi 60, gwamnatin Nijar na da 40. Ƙarama ce, ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na matatar Kaduna ba, tana can nesa da teku, amma ta shekara goma sha tana aiki. Dalili ɗaya babba: kamfanin da ke haƙo man a Agadem shi ne ya shimfiɗa bututun, shi ne kuma ke tafiyar da matatar. Idan matata ta tsaya, man nasa ne ya rasa inda za shi. Cadi ma haka ta yi da matatar Djarmaya a shekarar.

Ba zan ɓoye aibin wannan tsari ba, don Nijar ta ɗanɗana. An sha samun saɓani tsakanin SORAZ da kamfanin dillancin mai na gwamnati, SONIDEP, a kan farashi da bashi. Da Najeriya ta cire tallafi, man sumoga da ke kwarara ta iyaka ya ragu, buƙata ta koma kan SORAZ, ta kasa wadatarwa, a Maris na 2025 aka yi dogayen layuka a Yamai da sauran garuruwa. A watan ne kuma gwamnatin sojan Nijar ta kori manyan jami'an Sin uku na ɓangaren mai, ciki har da shugaban matatar, bisa ƙorafin da ya haɗa da bambancin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa. Abokin tarayya ba ɗan'uwa ba ne, ribarsa ya zo nema, kuma in yarjejeniya ba ta fayyace farashi da albashi da horar da 'yan ƙasa ba, rigima na nan tafe.

Akwai kuma jabun wannan hanya da ya kamata a yi hattara da shi. Shi ne a ɗauko kamfani a ba shi kwangilar tafiyar da matata ana biyansa lada, mallaka da asara duk suna wuyan gwamnati. Wannan hanya ta farko ce aka sauya wa riga. Wanda ake biya lada ko an ci riba ko ba a ci ba, ba zai kwana a matata ba. Ma'aunin gane na gaske abu biyu ne: shin ya zuba kuɗinsa, kuma shin shi ke da rinjaye a hukumar gudanarwa?

Abin da ya fi mallaka muhimmanci

Duk hanyar da aka bi, matata ba ta tace iska. A haɗa 650,000 na Dangote da 445,000 na NNPC, an doshi ganga miliyan 1.1 a rana, ban da ƙananan matatu irin su Waltersmith a Imo da Aradel a Ribas. Abin da Najeriya ke haƙowa yana wajen ganga miliyan ɗaya da rabi, kuma ba duka ne na gwamnati ba. Kamfanonin haƙa suna da kasonsu, wani kason kuma an riga an jinginar da shi, kamar bashin dala biliyan 3.3 da NNPC ya karɓa ta hannun bankin Afreximbank a 2023 wanda da ɗanyen mai ake biya. Dokar man fetur ta PIA da marigayi Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2021 ta wajabta wa masu haƙa su ba matatun gida mai, amma ta ce ciniki ne na yardar mai saye da mai sayarwa, kuma a nan ake ta ja-in-ja. An fara sayar wa Dangote ɗanyen mai da naira a Oktoban 2024, duk da haka matatar ta ci gaba da sayo mai daga Amurka domin cike giɓi. Idan matata ɗaya ba ta ƙoshi ba, da me za a ciyar da biyar? Shi ya sa nake ganin abokin tarayya mafi dacewa da Fatakwal ko Warri shi ne wanda ke da rijiyoyinsa, ko wanda zai haɗa gwiwa da mai rijiya, kamar yadda aka yi a Damagaram.

Sai tsayuwar doka. A Oktoban 2025 aka amince da harajin kashi 15 a kan fetur da man gas da ake shigowa da su, a Nuwamba aka dakatar kafin ya fara aiki. Dangote ya kai NMDPRA, hukumar da ke kula da tacewa da rarraba mai, kotu a 2024 a kan lasisin shigo da mai, ya janye ƙarar a 2025 ba tare da kotu ta fayyace abin da doka ke nufi ba. Wanda zai zuba dala biliyan ɗaya a Warri yana so ya san ko shekara biyar masu zuwa za a bar ƙofar shigo da mai a buɗe, a rufe, ko a sa mata haraji. Ni ina ganin a bar ta a buɗe har sai an samu matata ta biyu mai ƙarfi, domin a yanzu jirgin ruwa ne kaɗai ke gogayya da Lekki. Amma ko wace matsaya aka ɗauka, a rubuta ta a tsaya a kanta, don mai jari ya fi tsoron sauyin dare ɗaya a kan doka mai tsauri.

Inda na tsaya

Sabuwar Fatakwal da Warri, a ba su abokan tarayya daban-daban a tsarin NLNG, gwamnati ta sauka ƙasa da rabi, a yi gwanjon a fili, a buga yarjejeniyar kowa ya karanta. A sa sharaɗin cewa mai saye ya nuna matatar da yake tafiyarwa a wani wuri, ya nuna kuɗin aiki da inda zai samo ɗanyen mai, kuma in ya wuce wa'adi bai tayar ba kason ya dawo. A ware wa ma'aikata da al'ummomin yankin hannun jari kamar yadda aka yi a Eleme, a biya haƙƙin duk wanda za a sallama kafin a miƙa makulli, domin tsoron ma'aikata na da dalili. Tsohuwar Fatakwal ba ta isa ta tsaya da ƙafarta ba, a haɗa ta da sabuwar a ciniki ɗaya.

Kaduna ce mai wuya, kuma ita ta fi taɓa mu. Kamfanin Chiyoda na Japan ya gina ta da wani sashe na musamman mai fitar da man juye, kakin kyandir da kwalta, wanda aka tsara shi ya riƙa tace mai mai nauyi da ake sayowa daga ƙasashen waje. An ƙara mata masana'antar sinadarin da ake yin garin sabulu da shi. Waɗannan duk kaya ne da Najeriya ke sayowa daga waje a yau, don haka kasuwa na nan. Amma kowace ganga sai ta bi wancan dogon bututu da ɓarayin mai suka sha fasawa. Man Kolmani da aka ƙaddamar da aikinsa a iyakar Bauchi da Gombe a Nuwamban 2022 bai fara fitowa kasuwa ba. Man Agadem kuma tun 2024 ya samu hanyarsa ta bututu zuwa gaɓar tekun Benin. Duk wanda ya ce zai tayar da Kaduna bai yi maganar bututu ba, bai fara magana ba.

Saboda haka a sa ta a kasuwa tare da bututunta da defo-defon da take ciyarwa, a ba da wa'adi. In an samu mai zuba jarinsa, madalla. In ba a samu ba, a nan hanya ta huɗu ke shigowa, wadda Kenya ta bi da matatar Mombasa bayan ta tsaya a 2013: a daina tacewa, a mayar da wurin babbar ma'ajiyar mai. Na san yadda wannan magana ke sauka a kunnen mutumin Kaduna da ya ga masaƙun Kakuri sun mutu ɗaya bayan ɗaya. Amma a duba abin da Arewa ta fi rasawa. Daga Kaduna akwai bututun tataccen mai da ya nufi Kano, Gusau, Jos, Gombe har Maiduguri. Da ya mutu, sai komai ya koma kan tanka. Dokar PIA ta shafe tsohuwar hukumar daidaita farashi da ke biyan kuɗin dakon mai zuwa nesa, yanzu kuɗin dakon yana cikin litar da muke saya. Kuma ba kuɗi kaɗai muke biya ba. A Majiya ta jihar Jigawa, a Oktoban 2024, tanka ɗaya ta ci rayuka sama da 150. Bayan wata uku aka sake yin irinta a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. Man da ya bi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa defon Hotoro ba ya faɗuwa a tsakiyar gari, ko a Kaduna aka tace shi ko a Warri.

Filin matatar kuma ba zai zauna banza ba. Bututun gas na Ajaokuta-Kaduna-Kano (AKK) mai kilomita 614, wanda aka fara a 2020, ta Kaduna ya bi kafin ya kai Kano. Da gas ake yin takin yuriya, kuma manyan masana'antun takin ƙasar nan, na Indorama da Notore a Ribas da na Dangote a Lekki, duk suna bakin teku, alhali gonakin da ke shan takin suna nan Arewa. Wurin na da fili, da tankuna, da ruwa, da gidajen ma'aikata, da mutanen da suka san aikin inji mai zafi da matsi. Gwamnonin Arewa da 'yan majalisarmu da ke neman a sake ware wa matatar Kaduna kuɗin gyara, zai fi mana amfani su nemi abu biyu a rubuce: ranar da za a gyara bututun Kaduna zuwa Kano da Gusau da Jos, da yawan gas ɗin AKK da za a keɓe wa masana'antu a wannan fili.